Daɓen falona yana lotsawa: in ƙara siminti ko in fasa?

"Assalamu alaikum. Injiniya, shekarata shida da tarewa a gidana a nan Kano. Tun daminar shekara ta uku na lura tsakiyar falo ta fara lotsawa, tayil suna tsagewa, in an wanke ɗakin sai ruwa ya taru wuri guda. Na kira birkila ya ɗaye tayil ɗin, ya ƙara siminti, ya shimfiɗa sababbi. Bana ga shi abin ya dawo, har tsakanin daɓen da gindin bango ya buɗe, yatsa yana shiga. Birkilan ya ce a sake ƙarawa. Wani kuma ya ce gidan ne gaba ɗaya yake nutsewa, gara mu tashi. Me ke jawo haka, kuma wane gyara ne zai ɗore?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya tsare ka da iyali. Na san irin zullumin da mutum ke shiga idan ya ga ƙasan ɗakin da yake kwana da 'ya'yansa yana sauka, musamman gidan da aka tara kuɗinsa bulo ɗaya-ɗaya. Tambayarka a dunƙule gida biyu ce: mene ne ainihin abin da yake sauka, daɓen ne kaɗai ko har da harsashin ginin, sannan me yake saukar da shi. Sai an amsa waɗannan biyun ake maganar gyara. Birkilanka ya tsallake su duka, shi ya sa kuɗin tayil ɗinka na farko suka tafi a banza.

Bari in fara da abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. Ban ga gidan da idona ba, kuma magana a kan gini daga nesa tana da iyaka. Amma wannan rata da ka ce ta buɗe tsakanin daɓe da bango, galibi tana nuna cewa daɓen ne ya sauka ya bar bangon a tsaye inda yake. In haka ne, matsalarka mai gyaruwa ce, ba ta kai ga kwashe kaya ba. Yadda za ka tabbatar zan zo kansa.

Abin da ke ƙarƙashin tayil

Yawancin masu gida ba su san a kan me suke tafiya ba, don ranar da aka yi aikin ba su wurin. Idan aka zuba harsashi aka ɗora bulo zubi uku ko huɗu, kowane ɗaki yakan zama kamar akwati marar murfi. Wannan akwatin ake cikawa da ƙasa, shi ne ciko. A kan cikon ake zuba kankaren da magina ke kira jaman fulo, a kansa a yi shafen siminti, sannan tayil. Nauyin bango da rufi yana bi ta harsashi ya sauka ƙasa. Shi kuwa daɓe, a yawancin gidajenmu na ƙasa, babu abin da ke riƙe da shi sai cikon nan. Kankaren inci uku ko huɗu da ba rodi a cikinsa ba gada ba ne, ba zai iya tsayawa a kan iska ba. Cikon ya sauka, dole ya bi shi. In an zuba kankaren ya hau kan bulon harsashi, gefe-gefe za su tsaya, tsakiya ta lotsa kamar tasa. In kuwa daga baya aka zuba shi a tsakanin bango, kamar yadda ake yi a gidan da aka gina da kaɗan-kaɗan, sai ya zame ƙasa ya bar rata a gindin bango, irin wadda yatsanka ke shiga.

To a nan mafi yawan ɓarnar take. Ciko na gaskiya ana fara shi ne da kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Sai a kawo jar ƙasa mai burji, a baza ta kaurin inci 6, a yayyafa mata ruwa daidai yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama ba tare da ta ɗiga ba, a bi ta da injin dannawa har ta daina shiga, sannan a ƙara wani inci 6 a sake. Cikon da ya kai mita guda yana buƙatar a yi haka sau shida ko bakwai. Abin da nake gani a wuraren aiki kuwa: tifa ta juye, lebura su kwashe da kwanon sarki su cika akwatin har baki a yini ɗaya, a kira ɗan garuwa ya zuba jarka goma a sama, a tattaka da ƙafa, jibi a zuba kankare. Saman ya yi kyau a ido, amma daga inci shida zuwa ƙasa sako-sako yake kamar gari a buhu. Ka yi lissafi da kanka. In cikon mita guda ya matse da kashi 5 cikin 100 kawai, santimita 5 ke nan, wato inci biyu. Inci biyu sun isa su fasa kowane irin tayil.

Wani lokacin ma ba ƙasa kaɗai ke ciki ba. Na sha fasa daɓe in tarar da guntayen bulo a tsaye da ramukansu, buhunan siminti, ɓallin katakon kafinta, ledoji, har tsummokara. Mai aiki yana ganin ya share fili ya kuma rage kuɗin tifa. Katako da shara kuwa ruɓewa suke yi su bar kogo.

Abin da yake ba ni takaici shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata da suke daɓen gargajiya, ai yini suke yi a durƙushe da madaɓi, suna yayyafa ruwa suna duka, suna waƙa, a ƙara tsakuwa a sake duka, a kawo ruwan makuba a shafe. Kalmar daɓe ma kanta daga dukan ta samo suna. Sun san ƙasa ba ta ɗaukar nauyi sai ta sha duka. Da siminti ya zo sai muka ɗauka ya ɗauke mana wannan wahalar, alhali rufe ta kawai yake yi.

Ruwa ne ke tona asirin ciko

Ciko marar dannuwa yana iya zama shekara biyu, uku, lafiya ƙalau muddin a bushe yake. Ranar da ruwa ya same shi, ranar yake zubewa. Ka ce abin ya fara ne da daminar shekara ta uku, kuma bana ya dawo. Wannan magana taka ita ce mafi muhimmanci a cikin tambayar. Ciko da kansa yakan yi saukarsa a shekarun farko ya tsaya. Wanda har shekara ta shida yana tafiya, akwai ruwan da ke shigarsa, kuma har yanzu ba a toshe hanyar ba.

Hanyoyin ba su da yawa. Akwai ruwan sama da ke zubowa daga kwano ko indararo ya daki gindin bango, shekara da shekaru, ba dakali ba magudana. Akwai tsakar gida da aka yi wa siminti amma gangarenta ya karkato wajen ɗaki maimakon wajen kwata. Akwai kwatar layi da ta toshe, ruwa ya kwanta jikin katanga tun daga Yuli har Satumba. Akwai sokawe da aka haƙa dab da ɗaki saboda ƙarancin fili, ya cika ya riƙa tsatsafowa ta ƙarƙashi. Sai kuma wanda ya fi kowanne ɓoyuwa, wato bututun da aka binne a cikin cikon.

Wani gida da aka kira ni, maigidan ya sake tayil har sau biyu. Da na shiga na lura lotsawar ba a tsakiyar ɗakin take ba sosai, ta fi karkata wajen bangon da banɗaki ke bayansa. Na ɗauki guduma ina ƙwanƙwasa tayil ɗaya-ɗaya da ƙotarta. Daga bakin ƙofa sautin a cushe yake, ina matsawa yana sauyawa, har na iso inda yake amsawa kamar ganga. Muka fasa wurin faɗin ƙafa biyu. Kankaren yana ɓallewa sai ga duhu a ƙarƙashi, na zura hannu har gwiwar hannu ban taɓa ƙasa ba, wani sanyi da wari suna fitowa. Bututun ruwan wanka ne ya zare daga mahaɗarsa, ko alamar gam babu a bakinsa. Cikon ya fara sauka kaɗan, ya ja bututun, mahaɗar ta buɗe, daga nan duk wankan da aka yi a gidan rabin ruwan a ƙarƙashin ɗakin yake ƙarewa, yana tafiya da ƙasar. Maigidan ya tsaya yana kallon ramin, ya ce a daidai nan gadon yaransa yake. Gyaran bututun bai ɗauki sa'a guda ba. Shekara huɗu ana ƙara siminti a sama.

Don haka kafin komai ka gwada wannan. Cika tankinka da yamma, ka sa alama a matakin ruwan, ka tabbatar an rufe kowane famfo kuma ba wanda zai taɓa ruwa har asuba. In da safe ya ragu, akwai yoyo a bututun shigowa. Na fitar ruwa kuma, mai aikin famfo zai iya toshe bakinsa daga waje, a cika shi, a ga ko zai riƙe.

Ƙasar da gidan ke zaune a kai

Akwai kuma abin da ya girmi ginin. Ka tambayi dattawan unguwa mene ne a filin nan kafin a yanka shi. A Kano wannan tambaya ba ta wasa ba ce, don kududdufai da yawa da aka haƙa tun zamanin ginin ƙasa an cike su da bola an sayar a matsayin filaye. Bola ba ta gama ruɓewa a shekara goma. Haka fadama, haka tsohuwar rijiya ko tsohuwar shadda da aka rufe da baraguzai aka manta. Idan lotsawar zagayayya ce, a wuri guda, kuma tana zurfi da sauri, tsohon rami nake fara zargi, kuma ba na barin kowa ya taka wurin sai an buɗe.

Masu karatu daga Borno, Gombe da Adamawa su ƙara da wani abu. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi, wadda ake kira firgi wajen Dikwa da Ngala, akwai irinta wajen Numan da wasu sassan Gombe, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in rani ya yi. Daɓen da ke kanta yana tashi da damina, ya sauka da bazara, ƙofofi su ƙi rufuwa wata uku sannan su dawo daidai da kansu. Irin wannan ƙasa dannawa ba ta maganinta, sai an kwashe ta zuwa wani zurfi an musanya, ko a yi daɓen da bai dogara da ita ba. Itace mai shan ruwa kamar darbejiya, in yana dab da bango a kan laka, yana ƙara tsananta abin don saiwarsa tana tsotse danshin gefe guda. Duk gidan da ruwa ya taɓa kwana a cikinsa, kamar yadda ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ya kamata mai shi ya sa ido a kan daɓensa ko da ya ga komai ya bushe, don cikon da ya jiƙe sharkaf yakan ɗauki watanni yana zama.

Gara da gafiya ma suna yin nasu, musamman inda aka gina a kan suri ba a tone shi ba. Amma a abin da na gani, ba kasafai su kaɗai ke saukar da falo guda ba.

Yadda za ka gane ko harsashi ya motsa

Wannan za ka iya yi da kanka ranar Asabar, ba sai ka biya kowa ba. Zagaya gidan ciki da waje kana duban bango. Abin da kake nema shi ne tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda take bin layin bulo kamar matakala, mai faɗi a sama da tsukewa a ƙasa ko akasin haka, kuma wadda in ka gan ta a ciki za ka same ta a waje a daidai wurin. Siraran tsagogi kamar gashi a jikin filasta ba su ne abin tsoro ba. Buɗe kowace ƙofa da taga ka rufe. Wadda a da take rufuwa salin-alin yanzu sai an sa kafaɗa, ta ba ka labari. Duba kuma inda silin ya haɗu da bango.

Sai awo. Nemi siririn tiyo mai gani-har-hanji irin na magina, ka cika shi da ruwa, ka fitar da layi madaidaici a jikin bangon falon, kamar mita guda daga ƙasa, ka zagaye ɗakin da shi. Ja igiya daga bango zuwa bango a kan layin, ka auna daga igiyar zuwa tayil a wurare tara ko goma, ka rubuta a takarda da kwanan wata. In akwai tsaga a bango, ka lanƙwama mata ɗan siririn siminti a gicciye, ka rubuta ranar a gefensa. Bayan wata guda ka sake awon. In simintin ya tsage, bangon yana tafiya har yanzu. Wannan takarda ta fi duk wani hasashe da ni ko birkila za mu yi maka, kuma duk injiniyan da ka miƙa wa ita zai ji daɗin aiki da kai.

In bango lafiya, ƙofofi lafiya, daɓe ne kaɗai. In kuwa ka ga tsagar da ta kai shigar fensir, ko bango ya fara kumburo ciki, ko awon yana ƙaruwa mako-mako, to maganar ta wuce birkila. Ka kwashe yara daga ɗakin, ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo ya haƙa gefen harsashin ya gani da idonsa.

Gyaran da zai ɗore

Ruwa tukuna. Ko nawa za ka kashe a cikin ɗaki, in ba ka toshe hanyar ruwa ba, kana zuba ruwa a kwando ne. A gyara bututu, a sa magudana a bakin kwano, a yi dakali mai faɗin aƙalla ƙafa uku a zagaye ginin da gangare zuwa waje, a yashe kwata, in sokawe ne a kwashe shi a duba bangonsa, in da hali a matsar da shi nesa.

Shawarar birkilanka ta ƙara siminti tana da wurin da take aiki, ba zan ce ƙarya ce gaba ɗaya ba. In lotsawar ba ta wuce rabin inci ba, ta shekara ba ta ƙaru ba har da damina, kuma ka ƙwanƙwasa ko'ina ba ka ji kogo ba, to cikon ya gama zama, a daidaita saman a mayar da tayil. Naka bai cika sharuɗɗan nan ba. An riga an gwada, ya dawo. Kowane ƙari nauyi ne a kan abin da tun farko ya kasa ɗaukar kansa, kuma yana ɓoye maka alamar da ya kamata ka riƙa gani.

Abin da nake ba ka shawara shi ne a fara buɗe wuri guda, ƙafa biyu da ƙafa biyu, a inda ya fi lotsawa. Ka tsaya a wurin da kanka. Ka ga kaurin kankaren, ka ga ko akwai kogo, ka ɗebi ƙasar ka dunƙula ka shinshina, a soka rodi a ga iya inda zai shige da ƙarfin hannu. Rodin da ya shige mita guda ba tare da guduma ba ya gama ba ka amsa.

In ya tabbata ciko ne, a fasa daɓen ɗakin duka, a kwashe ƙasar har a iske mai tauri. A yi hattara a nan, kada a haƙa ƙasa da gindin harsashi, kada kuma a bar ramin a buɗe ruwa ya same shi. A mayar da jar ƙasa mai kyau inci 6-6, ana dannawa da inji. Injin nan ana bayar da shi haya, kuma kuɗin hayarsa na kwana biyu bai kai na tayil ɗin da ka riga ka yi asara ba. Kusurwoyi da gindin bango, inda inji ba ya isa, a bi su da madaɓi na hannu. A jera duwatsu a cike tsakaninsu, a rufe da yashi, a yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi tasowa, a sa ragar ƙarfe a ɗage ta kaɗan yadda za ta zauna a cikin kankaren ba a ƙarƙashinsa ba. Kankaren kada ya gaza inci 4, in da hali 6, a kwaɓa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ba tare da an tsinka shi da ruwa don sauƙin bazawa ba. Sannan a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Da hunturu ma a rufe shi da buhuna masu jiƙa, don iskar tana busar da samansa kafin cikin ya kama. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa, saboda haka kada a yi gaggawar tayil.

In aka haƙa aka ga bola ce ko laka har ƙasa, ba a iske mai tauri ba, to sai a daina dogara da ƙasar. A yi daɓe mai rodi kamar na dekin, wanda zai rataya a kan bim, wato gadar kankare mai rodi, da ginshiƙan da suka sauka har ƙasa mai ƙarfi, ko cikon ya zube shi yana nan. Ya fi tsada, kuma sai injiniya ya lissafa rodin, amma a irin wannan fili shi ne gyara ɗaya da na yarda da shi.

Za ka iya cin karo a intanet da masu huda daɓe su ɗura ruwan siminti ko wani kumfa da inji har ya taso. Yana aiki inda kankaren yake da kauri kuma bai farfashe ba, amma yana son na'ura da gwanaye, kuma ba ya gyara ruɓaɓɓen ciko. Haka bidiyoyin da ake nuna mutum ya shiga ƙarƙashin ɗaki da jak yana ɗaga ƙasan. Waɗannan gidajen Amurka da Ingila ne, inda ƙasan ɗaki katako ne a kan gungume da sarari a ƙarƙashi, matsalarsu ruɓewar itace ce da tazarar ginshiƙai. Ba irin gininka ba ne. Shi kuwa ƙarfafa harsashi daga ƙarƙashi, in abin ya kai can, ana yinsa ne gaɓa-gaɓa, kamar mita guda a lokaci guda, ana tsallake na kusa sai wancan ya kama. Wanda ya tone gindin bango gaba ɗaya a rana ɗaya yana iya kayar da shi a kan lebura.

In a bene ne, magana ta sauya

Ba ka ce gidanka bene ba ne, amma dole in faɗi wannan saboda wasu za su karanta su ɗauka duk ɗaya ne. Daɓen ƙasa in ya lotsa, ƙasa ce a ƙarƙashinsa. Dekin in ya lotsa, mutane ne a ƙarƙashinsa. Dekin mai kaurin inci 6, nauyin kansa kaɗai ya kai kilo 360 a kowace murabba'in mita. Abin da ke saukar da shi sananne ne: an rage rodi ko an faɗaɗa tazararsa, an cire gorar da ke tokare da shi tun bai yi mako uku ba don a kai ta wani aiki, an rushe bangon ƙasa don faɗaɗa falo ko yin shago, an ɗora bangon bulo a sama inda ba bim a ƙarƙashi, ko ruwan banɗakin sama ya shiga ya sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ɓantare kankaren. A baranda mai leƙowa waje kuma, rodin a sama ya kamata ya zauna, in lebura suka tattake shi ya koma ƙasa lokacin zubi, barandar ba ta da abin riƙo.

Sai lodi. Ɗakin zama ana lissafa shi ne a kan kimanin kilo 150 a murabba'in mita. Tankin lita 1,000 in ya cika tan guda ne cur. Buhun masara mai kilo 100, a jera biyar a kan juna, kilo 500 ke nan a wurin da bai kai murabba'in mita ba. Na taɓa shiga ɗakin sama da aka mayar rumbu bayan kaka, buhuna har kusa da silin, iyali kuma suna kwana a ƙasa. A ƙa'idar aikinmu, lanƙwasar dekin bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin 250 na faɗinsa ba, wato ɗaki mai mita 4 kada ya wuce milimita 16. In ido yana ganin cikin dekin ya sauko, ko akwai tsaga a ƙarƙashinsa, ko rodi ya bayyana, a sauke kayan da ke sama a ranar, a fita daga ƙarƙashi, a tokare shi daga ƙasa, a kira injiniya. Kada a ƙara siminti a sama don a daidaita, wannan ƙara masa kaya ne.

Tsofaffin sorayen cikin gari masu azara su ma haka. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta son dogon zango, shi ya sa maginan gargajiya suke raba faɗin ɗaki da bakan gizo. Abin da ke karya ta shi ne yaɓen da ake ƙarawa a sama kowace shekara ba a kankare tsohon ba, da indararon da ya toshe ruwa ya kwanta ya ruɓar da bakin azarar a cikin bango. Wannan aikin magini ne na gado, shi ya kamata a nema, ba mai bulo ba.

Mu dawo falonka. A makon nan ka yi gwajin tanki, ka zagaya bango, ka fara takardar awo, ka tambayi tarihin filin. In ana ruwa, ka sa lema ka fita ka tsaya ka ga inda ruwan gidanka yake bi da inda yake kwanciya, minti goma na wannan kallo suna nuna abin da rani ke ɓoyewa. Hanyoyin ruwa a gyara su yanzu. Fasa daɓen kuwa, in ba awon ya nuna yana gudu ba, ka bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, lokacin da za a samu busasshiyar jar ƙasa kuma rami ba zai cika da ruwa ba. Kafin nan ka janye kujeru masu nauyi daga tsakiyar, ka cire fasassun tayil saboda ƙafar yara. Ranar da za a yi cikon kuma ka ɗauki hutu daga aiki ka zauna a wurin, ka ƙirga zubin da idonka. In ka samu awon wata guda da hoton ramin da aka buɗe, ka turo, mu duba tare. Allah Ya sa a dace.